Inabi zai yi a Fika, amma sai an riƙe kalanda da almakashi

Wani magidanci daga Fika ya aiko da tambaya. Yana da ɗan fili a bayan gari, ya haƙa rijiyar burtsatse ya sa mata sola, yana noman tumatir da albasa da rani. Sai ya ga hotunan gonakin inabi na Kudan a waya, nonna suna reto a ƙarƙashin rumfa, ransa ya biya. Shi ne yake son sanin ko abin zai yi a ƙasarsu, ko kuwa sai wuri mai sanyi irin Jos.

Malam, zai yi. Kudan ɗin da ka gani ba ta da sanyin Jos. Ƙaramar hukuma ce a jihar Kaduna, arewa da Zariya, hedikwatarta Hunkuyi, kuma ranar da ke dukanka ita ke dukansu. Inabi ba ya tsoron rana. Abu biyu yake tsoro: ruwa a kan ganyensa, da ruwa kwance a saiwarsa. Ta wannan fuskar ka fi mutanen Zariya sa'a, domin daminarku ta fi tasu gajarta, ruwanku bai kai nasu ba, saboda haka cututtukan ganye ba za su dame ka kamar yadda suke damunsu ba. Ta fuskar zafin bazara da nauyin ban ruwa kuwa, su suka fi ka sauƙi. Kuma ba baƙon abu ba ne inabi ya zauna inda dabino yake zaune. A wurare da dama Alƙur'ani ya ambace su tare, Fika kuwa tun kakanni ta san dabino.

Darasin da zan ba ka zan ɗauko shi daga inda ba ka zata ba, wato wurin masu yin jar giya ta inabi. Giya haramun ce a gare mu, ba kuma ita nake koya maka ba. Amma babu wanda ya kai waɗannan mutane bin diddigin itacen inabi, saboda kuɗinsu gaba ɗaya a kan ingancin ɗan itacen yake. Manyan gidajensu, irin na Bodo a Faransa, ba sa sayen inabi a kasuwa. Su suke nomawa a gonar da ke kewaye da gidan, domin su ne za su yanke ranar aski, da yawan nonnan da kowane gindi zai ɗauka, da ranar da za a tsinka. Sun daɗe da gane cewa abin da aka rasa a gona ba a maido shi a cikin tukunya. Gonarsu takan ba da tan 5 zuwa 8 a hekta, da gangan, alhali manomin inabin ci a Indiya yana iya kwashe tan 20 zuwa 30. Suna rage kaya don abin da ya rage ya yi zaƙi ya yi launi. Kai ba za ka rage har haka ba, tunda a kilo za ka sayar, amma ƙa'idar ɗaya ce: gindin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa tsami yake haifa.

Abu na biyu da suka gano ya ma fi shafarka. A ƙasashen Turai sanyi ne yake kwantar da inabi, ya zubar da ganye, ya yi barci, ya farka da kansa. A ƙasar zafi ba ya barci, kullum yana cikin toho, idan an bar shi sai ya cika rumfa da ganye ya ba ka 'yan nonna nan da can ba a lokaci ɗaya ba. Almakashi ne yake tsaya masa a madadin sanyi. Ranar da ka yi masa aski, ranar agogonsa ya fara bugawa, kuma daga nan zuwa nuna kwana 120 ne zuwa 150, gwargwadon iri da yanayi. A jihar Minas Jerais ta Barazil inabi yakan nuna a tsakiyar damina, ya ruɓe, ya yi salam. A farkon shekarun 2000 masu bincike na hukumar EPAMIG suka fito da dabarar aski sau biyu a shekara, suka tura nunar zuwa lokacin sanyi da fari, inda rana take da ɗumi dare yake da sanyi. Daga nan yankin da aka sani da kofi ya fara fitar da jar giyar da ake yabo. Manoman Nashik da Sangli a jihar Maharashtra ta Indiya su ma aski biyu suke yi, ɗaya a Afrilu ɗaya a Oktoba, su tsinka daga Janairu zuwa Afrilu. Lokutan shekararsu kusan irin namu ne: bazara mai ƙuna, damina daga Yuni zuwa Satumba, sannan rani mai sanyi. Tasu kalandar za ka ara.

Dalilin da ya sa sanyin dare yake da muhimmanci shi ne launi. Ka ɓare ƙwayar jan inabi ka gani, cikinta fari ne ko kore-kore, jan duk a ɓawo yake. Wannan launi ba ya fitowa sosai idan dare da rana duk zafi ne. Hunturun Disamba da Janairu shi ne jarinka a Fika. Idan inabinka ya fara juya launi a ƙarshen Janairu, zai yi ja ko baƙi yadda mai saye yake so. Idan ka makara ya faɗa zafin ƙarshen Maris, za ka samu zaƙi amma launin ya koɗe, rana kuma ta gasa gefen nonon.

To, mu koma farko. Wurin dashe. Kada kwaɗayin ruwa ya kai ka cikin fadama. Duk inda Ngeji ko Gongola suke malala a watan Agusta, wajen Gadaka ko Ngalda, wurin shinkafa ne da rake, ka bar musu. Ka nemi tudu mai jigawa da ɗan laka, inda ruwan sama yake tsanewa da wuri. Gwajin ba wuya: ka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, ka cika shi da ruwa da yamma. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwa tsaye, ka canza wuri. Idan diga ta ci karo da marmara tun kafin rabin mita, nan ma ka matsa. Ka ɗanɗani ruwan rijiyarka kuma. In yana da zartsi, ko yana barin farin busasshen gishiri a kan ƙasa idan ta bushe, ka kai shi a auna kafin ka kashe ko kwabo, domin inabi ba ya jure gishiri kamar dabino, gefen ganyensa yakan ƙone.

Shawarata kada ka wuce gindi 50 a karon farko. A tazarar mita 3 tsakanin layi da layi, mita 2 tsakanin gindi da gindi, fili mai mita 15 da mita 20 ya ishe ka. Hekta guda a wannan tazara gindi kusan 1,660 take ci, kuma kuɗin rumfarta kaɗai ya isa ya karya ƙaramin manomi kafin ya ga ƙwaya ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi. Gindi 50 za su koya maka duk abin da hekta za ta koya maka, kuma daga askinsu za ka samu irin faɗaɗawa kyauta.

Maganar iri ita ce inda ake yawan cutar mutane. Kada ka shuka ƙwallon inabin da ka saya a leda, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Da reshe ake dasa inabi. Kada kuma ka sayi dashe daga wanda ka gani a hoto kawai. Gani ya kori ji: ka je Kudan lokacin nuna, ka shiga gonar, ka ɗanɗana daga gindin da za a yanko maka, ka tambaye su ido nawa suke bar masa wajen aski. Ka leƙa Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa a Gombe, wadda ta fi kusa da kai, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ka ji ta bakin malamansu. Nau'o'in da suka yi suna a ƙasashen zafi sun haɗa da Bangalore Blue, baƙi mai ƙwallo mai jure cuta, da Anab-e-Shahi, fari mai manyan nonna, da Red Globe mai manyan jajayen ƙwayoyi, da Thompson Seedless marar ƙwallo, wanda da shi ake yin yawancin zabibin duniya. Ni dai zan ce sabon shiga ya fara da mai ƙwallo. Marar ƙwallo ya fi tsada a kasuwa, amma ƙwayarsa ƙarama ce sai an bi ta da sinadarin ƙara girma a kan lokaci, kuma ɗan sakaci kaɗan cuta ta kama shi. Irin masu giya kuwa, su Sira da Kabane, kada ma ka kalle su: ƙwaya ƙanana, ɓawo mai kauri, ƙwallo cike, ba mai saya a tire.

Reshen da za ka dasa ya zama wanda ya ƙosa, ɓawonsa ya koma ruwan ƙasa, kaurinsa kamar fensir, mai ido 3 ko 4. Idan ka yanka ka ga cikinsa kore shar, bargon tsakiya ƙarami, to mai rai ne. Idan bargon ya yi faɗi ya yi laushi, ka yar. Ka yanke ƙasansa daf da ido, samansa kuma a karkace da ɗan nisa daga ido, don kada yara su dasa maka shi kai a ƙasa. Lokacin askin Oktoba ake samun irin wannan reshe. Ka sa su a ledar reno mai yashi da ruɓaɓɓen taki, ido biyu a cikin ƙasa, a inuwa mai ɗan haske, kana yayyafa ruwa. Bayan wata biyu zuwa uku sun yi saiwa, sai ka kai su gona tun kafin zafin Maris, ko ka jira saukar ruwan farko. Manyan manoma sukan yi wa inabi aure a kan gindi mai jure gishiri da tsutsar saiwa, kamar Dogridge da Indiyawa suke amfani da shi. Faransa ma a dole ta koyi wannan aure, bayan wani ƙwaron saiwa mai suna filoksera ya shiga gonakinta a shekarun 1860 ya kusa share su, sai da aka aura irinsu a kan gindin Amurka. In ka samu mai aure daga hannu mai amana, ka saya. In babu, reshe tsura ya isa gindi 50.

Ramin dashe ya kai santimita 60 a faɗi, tsawo da zurfi. Ka bar shi a buɗe mako biyu ko uku rana ta dake shi, sannan ka cika da ƙasar sama haɗe da taki. Taki kam ba ka da matsala, ga kasuwar shanun Potiskum a kusa da kai. Sai dai kashin shanu ɗanye gayyatar gara ce, kuma gara ita ce babbar abokiyar gabar sabon dashe a ƙasarku. Ka tara shi ka jiƙa ka rufe, sai ya yi baƙi ya daina ɗumi ya daina wari. Ka daka 'ya'yan maina ka barbaɗa a ramin, yana taimakawa.

Shekarar farko ta tarbiyya ce, ba ta ci ba. Ka kafa sanda kusa da kowane gindi, ka zaɓi toho ɗaya mafi ƙarfi ka riƙa ɗaure shi sama da tsumma mai laushi, duk wani toho da ya fito a gefe ka tsinke shi da farce tun yana ƙarami. Kafin ya kai sama rumfarka ta zama a tsaye: ginshiƙan ƙarfe ko na siminti, tsayin mita 2, da waya marar tsatsa a giciye. Itacen daji gara za ta cinye maka shi a shekarar da rumfar ta fi nauyi, ka wayi gari amfaninka yana ƙasa. Idan tohon ya kusa waya da kamar taƙi ɗaya, ka datse kansa, ka bar biyu su fito, ɗaya gabas ɗaya yamma. Su ne hannuwa na dindindin, daga jikinsu rassan haihuwa za su riƙa fita kowace shekara. Idan ya yi fure a wannan shekara, ka cire. Na san da zafi, amma gindin da ya haihu kafin ya yi ƙashi ba ya daɗewa. Amfanin farko na gaske yakan zo a shekara ta biyu, ya kankama a ta uku.

Yanzu ga zuciyar aikin, aski biyu.

Na farko a Afrilu, bayan an gama tsinka an bar gonar ta huta mako biyu ko uku. Shi ne askin ƙwal-kwabo: kowane reshe ka mayar da shi ido ɗaya ko biyu daga jikin hannu. Rumfar za ta koma ƙashi tsirara a tsakiyar bazara, maƙwabta su ce ka kashe gonarka. Ka ba ta taki da ruwa sosai, ka rufe gindin da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ka shafa wa kututture farar ƙasa, da tsakar rana ka ɗan fesa wa hannuwan ruwa don kada su tsage. Sabbin rassan da za su fito a Mayu da Yuni ba 'ya'ya ake nema a kansu ba. A cikin idanunsu ne ake ƙulla nonnan baɗi, kuma hasken rana ne yake ƙulla su. Idan ka bar rumfa ta yi duhu, ido ba zai ɗauki fure ba, sai ganye da igiya. Don haka ka rage rassa su zama a warwatse, kowanne rana tana taɓa shi, idan ya kai ganye 15 ka datse kansa ya tsaya ya ƙosa. Ka yi hattara da yuriya a nan. Mutanenmu suna son ganin kore, amma yawan yuriya yana sa reshe ya yi ta gudu bai ƙosa ba.

Damina lokacin tsaro ce. Ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa, musamman bayan ruwan dare. Idan ka ga tabo rawaya a sama kamar an ɗiga mai, ka juya ka tarar da farin gashi-gashi a ƙasa, to fumfunar damina ce, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya zubar da ganyen rumfa gaba ɗaya. Maganinta na asali haɗin sinadarin tagulla ne da farar ƙasa, wanda wani malamin tsirrai mai suna Milarde ya fito da shi a Bodo a shekarun 1880, bayan ya lura cewa inabin bakin hanya da ake fesa wa wannan haɗi don a tsorata ɓarayi shi kaɗai ya tsira da ganyensa. Yau ana samun magungunan tagulla a shagunan kayan noma. Tun kafin cutar ta bayyana ake fesawa, a maimaita bayan ruwa mai ƙarfi, a tabbata bayan ganye ya jiƙe.

Aski na biyu shi ne na haihuwa, kuma ranarsa ita ce hukunci mafi girma da za ka yanke a shekara. Ka jira ruwa ya ɗauke sarai, wanda a yankinku yakan kama farko zuwa tsakiyar Oktoba. Ka rage ban ruwa mako biyu kafin nan, ka zage ganyen. Sannan ka zaɓi rassan da suka ƙosa ka datse su. Yawan idon da za ka bari ya danganta da iri: Bangalore Blue yana haihuwa kusa da gindin reshe, ido 3 ko 4 sun isa, Thompson Seedless sai an bar masa dogo, ido 8 zuwa 12. Wanda ya yi wa Thompson gajeren aski ya zubar da amfaninsa a ƙasa da hannunsa. Bayan aski idanun ƙarshe ne kawai suke son farkawa. Manoman Indiya sukan ɗan murɗa reshen har ya yi ƙara, su kuma shafa wa ido biyu ko uku na ƙarshe wani sinadari da ake sayarwa da sunan Dormex, cikin kwana biyu da askin. Yana aiki, amma guba ne mai ƙona fata. In za ka taɓa shi, sai da safar hannu da takunkumi, ka bi ma'aunin da ke jikin kwalba, ka kuma nisanta yara da awaki.

Idan ka yi aski a tsakiyar Oktoba, toho zai fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, fure a ƙarshen Nuwamba, launi ya fara juyawa a ƙarshen Janairu, tsinka daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris. Ga wani lissafi da ya dace ka yi: a waɗannan shekaru azumi yana faɗowa a wannan tsakani. Na 2027 zai kama a farkon Fabrairu in Allah Ya kai mu, na 2028 a ƙarshen Janairu, kuma kowa ya san yadda kayan marmari suke tashi lokacin buɗa baki. Kwaɗayin cin wannan kasuwa zai sa ka so yin aski a Satumba. Kada ka yi da dukan gonar. Ruwa ɗaya a kan ɗanyen toho ya isa ya kawo fumfuna ta cinye furen. Ka raba gonar biyu, rabi da zarar ruwa ya ɗauke, rabi bayan mako biyu, ta haka ma ba za su nuna maka rana ɗaya ka rasa mai saye ba.

Daga toho zuwa nuna aikin hannu ne, kullum. Toho ɗaya, nono ɗaya. Idan ya fito da biyu ka cire ƙaramin. Kowane nono yana bukatar ganye 12 zuwa 15 su ciyar da shi. Idan ƙwayoyi sun kai girman wake, ka shiga da ƙaramin almakashi ka rage na ciki da suka cunkushe, ka datse wutsiyar nonon in ya cika tsawo, don iska ta shiga sauran su samu wurin kumbura. A shekarar haihuwar farko nono 8 zuwa 10 sun ishi gindi. Masu giya sukan bi gona su zubar da ɗanyun nonna a ƙasa lokacin da launi ya fara juyawa, baƙo ya gani ya ce ɓarna ce. Su sun san abin da suke saye da wannan ɓarnar.

Ruwa kuma ba kamar na tumatir ake ba shi ba. Bayan aski a ba shi sosai. Lokacin fure a sassauta, domin yawan ruwa yana zubar da fure. Daga ƙulla ƙwaya zuwa juyawar launi ne yake shan ruwa mafi yawa, nan kada ya ji ƙishi ko na kwana biyu. Da zarar launi ya juya sai a riƙa ragewa, a ƙara masa takin fotash, a daina yuriya ɗungurungum, mako na ƙarshe a kusan tsayar da ruwan. Ka bar ƙasa ta bushe ƙamas sannan ka malala mata ruwa a lokacin nuna, washegari ka tarar ƙwayoyi sun fashe, rina da ƙudan zuma sun taru. Tunda kana da sola, ka sa tanki da tiyo mai ɗigo, ya fi malalawa a ƙasa tsimin ruwa kuma ba ya jiƙa ganye.

Hunturu yana da tasa cutar, farar toka da take hawa ganye da ƙwaya kamar an barbaɗa gari, ta bar ƙwayar da tabo ta tsage. Farar wuta ce maganinta, amma da yamma ake fesawa, don da zafin rana tana ƙona ganye. Ka duba ƙarƙashin ɓawon kututture ma, can farin ƙwaro mai kama da auduga yake ɓuya, tururuwa suna yi masa jigila. Sai tsuntsaye da jemagu, waɗanda suke sanin inabi ya nuna kafin mai gona ya sani. Gwangwani da mutum-mutumi ba sa hana su. Raga ce magani, ko tsofaffin gidajen sauro a ɗinke, a rufe rumfar tun daga ranar da launi ya fara. Na ƙafa biyu kuwa, sai shinge da mai gadi.

Ka riƙe wannan da kyau: inabi ba mangwaro ba ne, ba ayaba ba. Idan aka tsinke shi, zaƙinsa ya tsaya ke nan, ko shekara zai yi a ɗaki ba zai ƙara ba. Launi kuma yana riga zaƙi zuwa da mako biyu ko uku, shi ya sa ake yawan cin karo da inabin gida mai kyan gani mai tsami, mai saye ya gwada sau ɗaya ya koma wa na Afirka ta Kudu da na Masar da ake sayarwa a roba. Ka ɗanɗani ƙwayar can ƙasan nono, ita ce ƙarshen nuna. Ka fasa ƙwallon, in kore ne da saura, in ya koma ruwan ƙasa yana ƙaras-ƙaras a haƙori ya yi. Akwai ƙaramar na'urar awon zaƙi da ake ɗiga wa ruwan ƙwaya a leƙa ta rana. Inabin ci ya kai 16 zuwa 18 a ma'auninta, na zabibi ya wuce 20, masu jar giya kuwa sukan jira har 23 zuwa 25. Ka tsinka da sassafe, da almakashi, ka riƙe nonon ta kara don kada ka goge farar hodar da ke jikin ƙwaya, ita ce alamar sabo a idon mai saye. Kada ka wanke. Ka jera a kwali marar zurfi, sahu ɗaya ko biyu, a inuwa.

Kasuwa tana kusa da kai. Potiskum mahaɗa ce, mota ba ta yankewa zuwa Damaturu da Maiduguri, zuwa Azare da Kano, zuwa Bauchi, ga hanyar Ngalda zuwa Bajoga da Gombe. Amfanin gindi 50 Potiskum kaɗai za ta shanye shi, ba sai ka kai Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ba. Ka daidaita da masu tire tun launi yana juyawa. Abin da ya warware daga nono ko ya cika ƙanƙanta, ka shanya a inuwa mai iska a kan raga, busasshiyar iskar Fabrairu za ta mayar maka da shi zabibi. Kilo 4 na ɗanye yakan ba da kilo ɗaya. In uwargida za ta matse ruwansa ta sayar kamar zoɓo, ta tafasa shi tare da ɓawon don jan ya fito, ta tace, ta sa a sanyi. Ruwan inabin da ba a tafasa ba, in aka bar shi a zafinmu, cikin kwana biyu ko uku yake fara kumfa da kansa, saboda yis ɗin da ke jikin ɓawo. Da ya kai nan ya kama hanyar zama abin da muka ce ba ma yi, sai a zubar.

Malam, kafin Oktoba mai zuwa abu uku ne a gabanka: ka gwada ƙasarka da rami, ka kai ruwanka awo, ka tara taki ya fara ruɓa. Idan lokacin aski ya yi, ka je Kudan da kanka ka tsaya kusa da mai almakashi yini guda, ka ga inda yake yanka da inda yake bari, sannan ka dawo da rassanka a jiƙaƙƙen buhu. Allah Ya sa albarka.